Goggo da Ciyawar da Na Kawo Daga Kaduna

Daga Allah muke, kuma komai daɗewar mutum gare shi zai koma. Goggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi a ɗakinta na Tafoki, bayan jinyar da ta cinye damina guda. Ina Kaduna wajen aiki saƙon ya same ni ta bakin wani direban motar kasuwa. Kafin in iso an kai ta makwancinta, zaman makoki kawai na tarar.

Kwana uku na yi a kan tabarma a ƙofar gida ina amsa gaisuwa. Liman ya ce bai taɓa wucewa sallar asuba ya ga ɗakinta babu haske ba. Wani dattijo daga Sheme, dangin marigayi mijinta, ya ce bakinta ya fi aska kaifi, amma ba a taɓa shiga gidanta an fito da yunwa ba. Da na shiga cikin gida, wata mata da ban sani ba, daga wajen Faskari, ta durƙusa ta yi mini gaisuwa tana sharar hawaye.

"Ranar da na rasa jaririna ita ta hwara zuwa," in ji ta. "Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Ta dama mani kunun kanwa, ta zauna ta riƙe mani ƙahwa har la'asar, ta tashi ta tahi."

Kafin magariba mata uku sun faɗa mini irin wannan maganar, kuma babu wadda ta ji ta 'yar'uwarta.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, maƙwabcinmu mai shanun noma ya nisa ya ce, "To, yanzu kuma wa zai yaƙi kirikiri?" Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, wadda ake yi ƙasa-ƙasa don a rage nauyin zuciya. Duk Tafoki an san ta da wannan, tsohuwar da ta ƙare kwanakinta a tsugune tana tonon ciyawa da wuƙa. Ni dai ban taya su dariyar ba. Mutanen nan ba su san abin da take tsaro ba. A bayan gidanmu akwai kabarin wani jariri da ya kwana biyar a duniya, ɗanta ne, ba ta kuma haifi wani ba bayansa. Ni da hannuna na kusa shafe wurin daga doron ƙasa, kuma har yau ban daina tsoron zai ɓace ba.

Goggo ce ta yaye ni. Da na isa yaye aka kai ni gidanta a Sheme, ban dawo ba sai da aka sa ni makaranta. Sunan mahaifinta aka raɗa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take cewa. Idan na yi laifi ta ce, "Babana ya tsufa ya lalace," ta ja mini kunne, sa'an nan ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, aka ba ta ɗakin da ke kallon garka, ta mayar da bayan gidan nan daularta. Kuɓewa, yakuwa, barkono, lalle a jikin danga. Akwai wani wuri tsakanin rijiya da tsohon rumbun kakana inda wuyan wata fasasshiyar tukunya ya nutse cikin ƙasa. Nan take ajiye kujerarta bayan la'asar ta yi ɓarar gyaɗa. Ba a zubar da ruwan wanke-wanke a wurin, ba a ɗaure akuya, yaro kuma in ya bi ta kai da gudu zai ji zafin tsintsiya. Ni na ɗauka don kaji su sha ruwa aka kafa tukunyar, ban taɓa tambaya ba.

Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya juya wa da yawanmu kai. Ni ɗan akawu ne, amma na fara tafiya kamar razdan na zamanin Turawa. Mahaifina ya riga ya rasu, ni ne babba, babu mai taka mini burki. Na sa kwano a ɗakuna, na ja katangar bulo maimakon danga, na rushe tsohon rumbu na gina sito na siminti a wani gefen. A gidan maigidana na ofis na ga wata koriyar ciyawa shimfiɗe kamar darduma, yaransa suna birgima a kai. Na roƙi gadinansa ya yanko mini buhu huɗu da saiwarta, na ɗora a a-kori-kura har Tafoki. A makon Goggo ta tafi Sheme gaisuwar mutuwa. Leburori suka baje bayan gida da diga da shebur, suka kwashe duk abin da na kira tarkace suka zuba a kududdufi, muka dasa ciyawa layi-layi muka ba ta ruwa.

Ina tsaye ina jiran yabo ta dawo. Ko kayanta ba ta sauke ba. Ta dubi rijiya, ta dubi inda rumbu yake a da, ta sake duban rijiya, leɓenta yana motsi. Sai daga baya na gane taku take ƙirgawa, kuma abin da take aunawa da shi na rushe.

"Babana, ina tukunyar da ke nan?"

"An kwashe tarkace, Goggo."

"Ina rumbu?"

"Ga sito can, ya hi shi kyau."

Ƙullin kayanta ya zame daga kanta ya faɗi. Ta duƙa ta tsinko ciyawar, ta kai ta kusa da ido, ta bi gaɓoɓinta da farce.

"Kirikiri ce," ta ce. "Kirikiri ka ɗauko cikin mota tun daga Kaduna? Ubanka da kakanka da ita suka yi ta hwaɗa a gona har suka mutu, kai ka kawo ta cikin gida ka yi mata shimhiɗa ka ba ta ruwa?"

Na ce ciyawar Turawa ce, zamani ya canza. Na ƙara da maganar da har in mutu ba zan daina jin kunyarta ba. Na ce in don fasasshiyar tukunya take wannan tashin hankali, zan sayo mata sababbi goma a Funtuwa. Ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja, bakinta ya buɗe kamar za ta faɗi wani abu, sai ta rufe. Ta tattara ƙullinta ta shige ɗaki. Daga ranar na tashi daga Babana na koma Malam Akawu.

Damina ɗaya ciyawar ta nuna mana ko ita wace ce. A Kaduna akwai injin da ke aske ta duk mako, a Tafoki babu. Ta yi tsawo, ta yi kauri, ta shaƙe kuɓewa, ta hau gindin lalle, ta kutsa ta tsagar simintin bakin rijiya. Abin da ya fi damuna shi ne Goggo. Duk zuwan da na yi ƙarshen wata sai in same ta ta ƙara ramewa. Da sassafe za ta fita ba takalmi, ta tsaya a bakin rijiya, ta yi taku zuwa tsakiyar ciyawa, ta tsaya, ta dawo, ta sake daga farko. Wani lokaci ta duƙa ta danna ƙasa da tafin hannu. Na fara tsoron ko kanta ne ya taɓu, kuma mutanen unguwa ma sun fara faɗar haka.

Da Inna, mahaifiyata, ta kusa taka kububuwa a hanyar rijiya, na yarda na yi wauta. Na sa aka nome wurin da hauya. Cikin mako biyu kowane guntun da hauya ta sare ya zama sabon tushe, ta dawo ninki. Da rani na ce a sa mata wuta. Goggo ta ɗebo ruwa guga-guga ta jiƙa wani yanki mai faɗin ɗaki a tsakiya, ta tsaya a ciki hayaƙi yana dukan fuskarta, ta ƙi gusawa. Wurin ya ƙone ƙurmus in ban da tsibirinta. Ruwan farko da ya sauka, kirikiri ta fito kore shar, har ta fi da kyau.

Nan raina ya ɓaci. Na je wajen maƙwabcinmu mai shanu na ce ya zo da garma ya kifar mini da ƙasar baki ɗaya, saiwar ta fito rana ta kashe ta. Ban yi shawara da kowa ba. An kwana ana ruwa, da safe ya shigo da bijimansa biyu ta ƙofar baya, matasa ne, ba su daɗe da koyon garma ba. Ya yi layi na farko a jikin katanga, ƙasa tana kifewa baƙa wuluk. Ya juyo ya yi na biyu, ya yi na uku. Yana juyowa na huɗu na ga Goggo ta fito daga ɗaki babu mayafi, da saurin da ban san tana da shi ba. Ta ratsa ciyawa ta zo gaban shanun ta zauna daɓas, ta kafa tafukanta biyu a ƙasa.

Bijimin dama ya firgita. Ya yi huci, ya sunkuyar da kai, ya yunƙura. Mai shanu ya saki garma ya rungumi igiyar hanci yana salati da ƙarfi, ƙafafunsa suna jan laka. Na ga ƙahon ya wuce ta gefen kunnenta, ɗankwalinta ya tafi da shi. Ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Sai dai ku bi ta kaina," ta ce.

Da aka ja shanun baya, tsoron da na ji ya juye ya zama faɗa. Na fara ɗaga mata murya, ina cewa so take ta kashe kanta a ce ni ne. Sai na ji an damƙi hannun rigata. Inna ce, wadda ba ta taɓa sa baki a tsakanina da Goggo ba. Ta ja ni har cikin ɗakinta ta saki labule.

"Kai wane irin marar hankali ne? Ɗanta na nan wurin."

"Wane ɗa?"

"Na hwari. Gidan ga ta zo haihuwa, kamar kowa. Kwana biyar ya yi, ko suna ba a kai ba. Kakanka da ubanka suka ruhe shi bayan ɗaki suka kahwa mashi tukunya. Ni lokacin ba a kawo ni ba, kakarka ta hwaɗa mani sau ɗaya tak, ba ta kuma nuna mani wurin ba. Sai da na ga tana ƙirgar taku na gane abin da ka kwashe."

"To mi ya hana ta hwaɗa mani tun ranar?"

Inna ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ɗan hwari? Ta buɗe baki ta ce ɗana, gabanka, kai da ta goya? Ni ma yau don na ga ƙaho ne na yi magana."

Na fito na sallami mai shanu, ya tafi yana girgiza kai, a ganinsa tsufa ne ya kama ta. Sa'an nan na bi layukan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ina duban ƙasar da garma ta kifar. Na san shekaru sun fi hamsin, na san ƙashin jariri ba ya jimawa, amma duk farar tsakuwar da na gani sai na duƙa na ɗauka na duba. Kabarin jariri ba shi da zurfi. Kuma abin da ya fi tsorata ni, na lura Goggo da kanta ba ta tabbata inda ta zauna nan ne ba. Tana zaune tana waige-waige, daga rijiya zuwa inda babu rumbu.

Ban ce mata na sani ba, ita ma ba ta tambaye ni abin da Inna ta faɗa ba. Na je na durƙusa kusa da ita cikin lakar da wandona na ofis. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tsofaffin wuƙaƙen yankan kuɓewa guda biyu da kwando, ta miƙo mini ɗaya.

"Ba a sare ta, Malam Akawu," ta ce. "Bin ta ake yi."

Haka ta koya mini. Sai ruwa ya jiƙa ƙasa ta yi laushi. Ka kama reshe ɗaya ka ɗaga a hankali, ka bi shi da yatsa har gaɓar da ta kafa saiwa, ka sa bakin wuƙa ka sassauta, ka ɗaga, ka bi zuwa ta gaba. Ba a fizga. Ba a nutsa wuƙa ta wuce tsawon yatsa, wannan dokar ta fi nanatawa, ni kuma na san dalili. Abin da ka cire ba ya taɓa ƙasa, cikin kwando yake shiga, a shanya a kan kwanon sito kwana bakwai, sa'an nan a ƙone. "Gaɓa ɗaya ka bari, gona ka bari," in ji ta. Ta raba wurin da karan dawa, kullum yanki mai faɗin tabarma, ba ta ƙetare kara sai ta shafa ko'ina da tafin hannu. Ta hana a cike layukan garma, ta hana kowa shiga da hauya.

Damina biyu aka yi ana wannan. Ni ƙarshen wata kawai nake zuwa, in yi kwana biyu bayana ya ƙage, in gudu Kaduna. Ita kullum. Yatsunta suka tsattsage, da dare ta shafa man kaɗe, da safe ta koma. A tsakanin nan sau biyu ta ajiye wuƙa, duka biyun kuma don an rasa jariri a unguwa ne. Duk yankin da muka gama ba mu ga komai ba, sai in ga kafaɗunta sun ƙara sauka. Na yi ta lissafi a raina. In leburori sun tumɓuke tukunyar gaba ɗaya fa? In ta mutu ba mu samu ba fa? Ko a ofis ina buga takarda, wannan lissafin nake yi.

Wata Asabar a ƙarshen damina ta biyu, bayan la'asar, na ji wuƙarta ta yi ƙaras. Ta tsaya. Ta ajiye wuƙar ta sa yatsu tana share ƙasa. Jan gefen tukunya ya bayyana, ta bi shi ya zagayo ya haɗe. Ashe diga saman wuyan kawai ta fasa, gindinsa yana nan a binne. Ba inda ta zauna ranar shanu ba ne. Ta kuskure da taku biyu, ta ɓangaren da shanun suka riga suka wuce. Kwarin layi na uku yana nan a gefensa, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba.

Ni, mai gemu, mai 'ya'ya, na fashe da kuka kamar yaron da aka yaye jiya. Na ce, "Goggo, ki yahe mani. Don Allah ki yahe mani."

Ba ta ɗago ba. Tana goge bakin tukunyar da gefen zanenta, a hankali, kamar mai share wa yaro fuska.

"Mi ka yi?" ta ce. "Taubashinka ne. Wasa ka yi mashi."

Ɗan goggo da ɗan kawu, abokan wasa. Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kansa ke nan a gabana, kuma ko a nan ta kaina ta biyo, ba ta ce nata ba ne. Sa'an nan ta ce, "Babana, tashi ka ɗebo mani ruwa in wanke hannu."

Shekara uku ta ƙara bayan wannan. Ta mayar da kujerarta wurin, ta koma ɓarar gyaɗarta, wuƙa tana gefenta. Ko tsinke ɗaya kore ya leƙo, kafin ya kwana ta bi shi.

Da maƙwabcinmu ya yi maganarsa ranar sadakar uku, na bar mutane a ƙofar gida na zaga baya. Damina ɗaya kacal ta yi a kwance. Kirikiri ta fito daga gindin katanga ta miƙo rassa a ƙasa ta ko'ina, ɗaya har ya ɗora kansa a bakin tukunyar. Na ɗauko wuƙarta a ƙarƙashin kujera na durƙusa. Na bi reshen gaɓa-gaɓa yadda ta koya mini, taku shida, har jikin katanga. A nan ya tsinke a hannuna. Ragowar tana ƙarƙashin simintin da na zuba, inda wuƙa ba ta kaiwa.

Hutuna zai ƙare ranar Lahadi. Idon Inna ya fara hazo. Ƙannena sun riga sun fara cewa filin bayan gida ya isa a fitar da ɗaki biyu. Ni ma ban san ranar da direban motar kasuwa zai kai wa wani saƙona ba. Shi ya sa jiya na tara su na faɗa musu da bakina, yau kuma nake rubutawa, ko da Goggo za ta ja mini kunne in da tana nan.

In ka tsaya a bakin rijiyar gidanmu ka fuskanci alƙibla, taku tara na babban mutum, sa'an nan ɗaya zuwa hagu. Akwai jan wuyan tukunya daidai da ƙasa. Ɗan Goggo ne a nan, yayana, taubashina. Kada a yi gini a kai, kada a sa hauya. In an ga kore ya doso, a durƙusa a bi shi da yatsa.

Allah ya ji ƙan Goggo, ya haskaka makwancinta, ya yafe mata, mu kuma ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Malamai sun ce jaririn da ya riga uwarsa yana jiranta a ƙofar Aljanna. Ya Allah ka sa ta same shi a can, ta ɗauke shi a gaban kowa, ta ce ɗana.